Jawabi A Kan Gyaran Ƙarƙashin Motar Ƙungiya

Wannan shi ne jawabin da ɗan'uwanmu makaniki, wanda ke aiki a Damagaram, ya yi a gaban dattawa da ƴan ƙungiya ranar taron bayan Sallah a Dawce. Mun buga shi yadda ya faɗa, domin waɗanda ke nesa su san inda kuɗinsu zai shiga.

Assalamu alaikum. Ina gai da Maigari, ranka ya daɗe. Ina gai da Liman, Allah ya gafarta Malam. Ina gai da iyayenmu dattawa, da shugaban ƙungiya da ma'ajinta, da ƴan'uwa da suka zo Sallah daga Kano da Legas da Agadas da Arlit, da waɗanda ba su sami zuwa ba amma saƙonsu ya iso.

Ni ba gwanin magana a taro ba ne. Shekara talatin da wani abu ke nan ina kwance ƙarƙashin motocin mutane, saboda haka in harshena ya yi tuntuɓe a yi mini gafara. Shugaba ne ya ce in duba motarmu in zo in faɗi abin da na gani. Na duba ta shekaranjiya da hantsi, ni da direbanmu.

Kun san kuɗin da aka tara. Na ji shawara biyu tana yawo. Waɗansu sun ce a yi wa motar fenti a rubuta sunan gari a ƙofa, don in ta tsaya a asibitin Matameye kada a raina mu. Waɗansu kuwa sun ce a sayi tayoyi huɗu sababbi, tun da na gaba sun cinye. Duka biyun ba laifi ba ne. Amma ni roƙona shi ne a dakata da su tukuna, a fara da abin da ba mai ganinsa sai wanda ya kwanta a ƙasa, watau robobin sifirin da kawunan sandunan sitiyari.

Bari in fara da sunaye, domin mu mutanen bakin iyaka kowane ƙarfe suna biyu gare shi. Abin da makanikin Kano ke kira bushin, na Damagaram silambulok yake ce masa. Tayarod na Kano shi ne rotil a nan. Sifirin shi ne lam, shakazoba shi ne amortisar, jak shi ne kirik, sitiyari shi ne bolan. Na faɗi haka ne don wanda za a aika saye ya san abu ɗaya ne, kada a sayar masa sau biyu.

Motarmu Land Cruiser ce ƙirar 75, mai buɗaɗɗen baya. Toyota ya fara yin wannan iri a 1984, ya ci gaba har 1999, sa'an nan ya fito da ƙirar 79 wadda ƙafarta ta gaba ke kan sifirin mai murɗe. Tamu ƙafafunta huɗu duka a kan lam suke, watau faifayen ƙarfe da aka jera ɗaya bisa ɗaya aka ɗaure. Kowane lam yana da ido biyu, gaba da baya. Ido ɗaya an kafe shi a jikin shasi. Ɗayan kuwa yana rataye da ɗan lilo, domin in mota ta faɗa rami lam ɗin ya miƙe ya ƙara tsawo, in ta fito ya koma. Wuri uku ke nan da ƙusa ke ratsawa a kowane lam, kowane wuri kuma roba biyu, ɗaya ta wannan gefe ɗaya ta wancan. Shida a lam ɗaya, 24 a motar duka.

To, mene ne aikin wannan ƴar roba da ba ta kai kwalin ashana girma ba? Dattawa sun san akumari. Jaki yana iya ɗaukar kaya ba akumari, amma kwana nawa kafin bayansa ya yi miki? Haka robar take tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Har wa yau tana da aiki na biyu wanda ya fi wannan. A irin wannan mota ba wani abin da ke riƙe da gatarin gaba, watau doguwar ƙarfen da ƙafafu biyu ke jikinta, sai lam ɗin nan biyu. In robobinsu sun mutu, gatarin sai ya riƙa motsi hagu da dama yadda ya ga dama. Direba na riƙe da sitiyari daidai, mota kuwa tana neman jeji.

Da na sa ƙarfe na banƙara idon lam na gaba ta hannun dama, ba roba a ciki sam, ta niƙe ta zube. Ƙusar da ke ciki ta cinye har ta yi ƙugu kamar turmi. Wannan ƙarar da kuke ji, ƙwas-ƙwas, duk lokacin da motar ta fito daga yashi ta hau tsauri, ita ce.

Sai sitiyari. Daga gidan sitiyari akwai hannu da ke tura sanda ɗaya zuwa ƙafa, akwai kuma sanda ta biyu da ta haɗa ƙafar hagu da ta dama don su juya tare. Kowace sanda tana da kai biyu, huɗu ke nan. Kowane kai dunƙulen ƙarfe ne zaune cikin ƙoƙo, kamar gaɓar kwatangwalon akuya, da giris a ciki, da ƴar hular roba da ke hana ƙura shiga. Ranar da hular nan ta yage, ranar aka fara ƙirga kwanakin kan. Yashin ƙasarmu in ya gauraya da giris ya zama dutsen wasa wuƙa. Damina ta zo an ratsa ruwan korama, tsatsa ta ƙara nata. Dunƙulen na raguwa, ƙoƙon na faɗaɗa, har wata rana rami ɗaya ya fizge shi waje.

Ina so a gane bambancin nan da kyau. Inji in ya lalace mota tsayawa take yi. Taya in ta yi faci akwai safaya. Amma kan sanda in ya fita, motar ba ta tsayawa, gudunta take ci gaba da yi, sitiyari na juyawa a hannun direba kamar faifan banza, ƙafafu kuma kowace ta kama gabanta.

Na san haka ne domin na taɓa jawo shi da hannuna, kuma yau zan faɗa a gaban iyayena. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan mota suka yi tsada ninki. Lokacin ina yaron gareji. Muka koyi dabarun talauci. Mu yanka tsohuwar taya mu cusa a idon lam a ce bushin ne. Rotil in ya yi lako-lako mu bubbuge bakin ƙoƙon da guduma ya matse, mu naɗe shi da robar tib. Wata rana wani mai tsohuwar Land Rover ya kawo ta yana gaggawa, maigidana ba ya nan, na yi masa wannan aiki na karɓi kuɗi ina jin ni gwani ne. Bayan kwana tara aka aiko a zo a jawo motar. Allah ya taimaka a cikin yashi kan ya fita, tana tafiya a hankali, ta je ta rungumi gawo. Wata tsohuwa da ke baya ta karye a hannu. Maigidana bai buge ni ba. Ya sa ni na ɗauki rotil ɗin na kai wa tsohuwar har gida na gaya mata ni ne na yi. Da ya buge ni da ya fi mini sauƙi.

A motarmu kai biyu cikin huɗu hularsu ta yage, suna da wasa. Na uku an cire ƴar gufin da ke kulle notinsa an sa ƙusar kafinta an lanƙwasa. Ban tambayi wanda ya yi ba, ba na kuma son a tambaya. Ƙaramin amortisar da ke kwance a gaba don rage wa sitiyari karkarwa ya zubar da mansa. Gwiwar ƙafar hagu, inda ƙwallon nan mai sheƙi yake, tana yoyon baƙin mai gauraye da giris, alamar sil ɗin ciki ya tafi. Notin ƙarafan da suka ɗaure lam da gatari na baya sun saki a gefe ɗaya.

Yanzu in koma ga masu cewa a sayi taya. Ku je ku shafa tayoyin gaba da tafin hannu. Gefe ɗaya ya cinye sumul, ɗaya gefen yana da sauran zane, in ka shafa ta wata fuska kuma za ka ji kaifi kamar haƙoran zarto. Wannan cin na jan gefe ne, ya bambanta da cin tsufa. Ƙafafun gaba ya kamata su tsaya kusan a jere, bakinsu ya ɗan shigo ciki da ƴan milimita kaɗan. Tayarmu 7.50-16 tsayinta wajen santimita 80 ne. In tsakanin gaba da bayan tayoyin biyu ya kauce da santimita 1 kawai, kowace taya ana jan ta a kaikaice wajen mita 6 a kowane kilomita. Daga Matameye zuwa Damagaram ta Kance da Takeita ya fi kilomita 80. Ku lissafa, kusan rabin kilomita ke nan ana goga taya a kan gudron kamar ana gurza rogo, zuwa kawai, ban da dawowa. In muka sa sababbi a kan wannan ƙafa, kafin kaka mai zuwa za mu sake zama a nan muna karo-karo. Alhali kuwa kuɗin robobin nan 24 duka ba su kai na taya ɗaya mai kyau ba.

Yadda ake gane ciwon ba ya bukatar na'ura, mutum biyu sun isa, kuma ina so samarinmu su koya. A tsai da mota a wuri mai tsauri, ƙafafunta a ƙasa. Ɗaya ya zauna yana kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan. In sitiyarin ya yi tafiyar da ta wuce yatsu biyu zuwa uku, watau santimita 3 zuwa 4, kafin taya ta motsa, akwai magana. Na biyun ya kwanta ya dunƙule kowane kai da hannunsa. Hannu yana jin abin da ido ba ya gani, in akwai wasa za ka ji yana bugun tafinka. Bayan haka a ɗaga ƙafa ɗaya, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In ta yi motsi, a ce wa direba ya taka birki a sake girgizawa. Motsin in ya ɓace boris ɗin taya ne, in yana nan na gwiwa ne.

Amma don Allah, kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. A sa kututture mai ƙarfi ƙarƙashin shasi, a tare sauran ƙafafun da dutse. Bulon siminti ba abin dogaro ba ne, fashewa yake yi ba sallama. A yashi kuma jak nutsewa yake yi.

Shi aikin yana da jeri, wanda ya ɓata jerin ya yi sau biyu. Robobin lam ne farko, da duk ƙusar da ta yi ƙugu, domin sabuwar roba a kan cinyayyar ƙusa wata ɗaya ba za ta yi ba. Kuma a canja duka, hagu da dama, kada a ce wannan gefen da sauransa. Wajen sa roba ruwan sabulu ake shafa mata. Baƙin mai da giris na mota suna narka baƙar roba, ta kumbura ta yi laushi. Akwai wata iri mai launi, ja ko rawaya, mai tauri, ita tana son nata giris kuma tana jimrewa, sai dai tana sa mota tauri a gargada. Mu da ke ɗaukar marasa lafiya da mata masu naƙuda, baƙar roba na zaɓa.

Ga kuma wurin da makanikai da yawa ke kuskure, har da manya. Ba a ɗaure notin bushin tam sa'ad da mota ke rataye. A sa shi sako-sako, a sauke motar ta zauna da nauyinta, a girgiza ta, sa'an nan a ɗaure. In aka ɗaure tana sama, da an sauke ta robar ta murɗe, haka za ta zauna a murɗe dare da rana har ta tsage. Sai mai mota ya ce an sayar masa da jabu, alhali laifin mai ɗauri ne.

Daga nan sai gwiwa, a wanke, a canja sil da boris. Sa'an nan kawunan sanduna. Wajen cire tsohon kai ba a dukan bakin zaren, gefen hannun da ya riƙe shi ake duka, da wata guduma a tokare ta baya, sai ya saki. A ƙirga juyi nawa aka yi wajen kwance shi, a mayar da sabon da wannan ƙirga. A lura kai ɗaya zarensa na dama ne ɗayan na hagu, an yi haka ne don in an juya sandar ta ƙara tsawo ko ta rage. Notin mai tsaga-tsaga ne, in ramin gufi bai zo daidai ba a ƙara ɗaurewa har ya zo, ba a sassautawa. Gufi kuma sabo. Sandar da ta lanƙwashe ba a gasa ta a wuta a miƙe, ba a kai ta wurin mai walda, jefarwa ake yi. Bayan an gama a auna bakin ƙafafu da igiyar awo, gaba da baya, a tsayi ɗaya.

Gidan sitiyari shi ne na ƙarshe. Yana da wata ƴar ƙusa a kansa da ake matsewa don rage wasa, kuma ita ce mafakar makanikin da ba ya son kwanciya a ƙasa. Ya matse ta, sitiyari ya yi tauri, mai mota ya ji daɗi ya biya. Wasan da ke ƙasa yana nan inda yake, ga shi kuma an fara cin haƙoran gidan, wanda kuɗinsa ya fi na dukan abin da na lissafa. Bayan wannan duka ne za a yi maganar taya. Kuma in motar ta yi tafiyar mako ɗaya ko biyu a dawo da ita a sake bin notin lam, domin sabon ɗauri yana zama.

Maganar saye. Ana samu a Damagaram, ana samu a Kano a kasuwar Ƙofar Ruwa, ta Ɗan Barto da Daura. Kaya iri uku ne: na asali, da na kwaikwayo, da na kwance wanda aka ciro daga tsofaffin motoci. Na kwance ba laifi in ƙarfe ne zalla, kamar faifan lilo ko sanda miƙaƙƙiya. Amma roba da rotil ba a sayen na kwance, ko da mai shago ya rantse. Kwali kuma ba shaida ba ne, har shi ana bugawa. Sabon rotil mai kyau da ƙyar yatsa ke motsa shi, wanda ya juya da sauƙi a mayar masa da abinsa. Roba a lanƙwasa ta a duba, in ta nuna ƴan tsage ta tsufa a kan kanta. Wanda zai je ya tafi da tsofaffin a buhu da lambar shasi a rubuce, domin na 75 daban, na 79 daban, na Hilux na zamanin nan kuwa ba su ma yi kama ba.

Ina kuma ba da shawara a sayi kai biyu da ƴan robobi na ajiya. Mun ga yadda Nijeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 har Disamba 2020, mun kuma ga rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. A waɗannan watanni na ga motoci sun kwana bisa kututture a gareji saboda abin da bai cika aljihu ba.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyi, kuma iyayena nake roƙo su yi haƙuri da ni. Motar nan an yi ta ne don kayan da bai wuce wajen tan ɗaya ba, watau buhun gero goma masu kilo ɗari, har da mutanen da ke ciki a lissafin. Ni da idona na gan ta ranar kasuwa da rake har ya fi kan direba, da buhuna, da mutane a bisa, lam ɗin baya ya miƙe sumul ya koma yana kallon ƙasa. Ba robar da za ta jimre wannan, ko daga Japan aka aiko ta. Direbanmu yaro ne, ɗanku ne. Baba, in ka ce masa ɗora, ba zai iya kallon idonka ya ce a'a ba. Saboda haka dokar ta fito daga bakin Maigari da dattawa, a rubuta ta a littafin ƙungiya, don yaron ya sami abin da zai fake da shi.

Mu mutanen ƙasar Kance ba sai an ba mu labarin abin da lalacewar mota ke jawowa ba. A watan Oktoba na 2013 motoci biyu suka lalace a hamada arewa da Arlit, a hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe mutum 92, yawancinsu mata da yara daga wannan yanki namu. Allah ya jiƙansu. Tamu tafiyar ba ta kai wannan nisa ba, amma da tsakar dare ake yin ta, cikin damina, da mace kwance a baya, direba kuma yana sauri.

Ga abin da nake nema a yanke yau. A ba ni izini in tafi da motar Damagaram, a hankali zan tuƙa ta, ba kowa a ciki sai ni da direba. Aikin kwana uku ne in kaya sun samu. Kuɗin hannuna na bar wa gari. A ba ni samari biyu masu hankali su kwanta tare da ni su ga yadda ake yi, domin ni ma gwiwoyina sun fara wasa. A cikin kwanakin nan uku shugaba ya yi magana da mai motar da ke zuwa kasuwa ya zauna cikin shiri ko da lalura ta taso. Duk ƙarfen da na cire kuma zan dawo da shi a buhu in zube a ƙofar Maigari, kowa ya ɗauka ya duba, mutanen Legas da Agadas a aika musu da hoto. Abin da ya rage na kuɗi a sayi tayoyi biyu na gaba. Fenti ya jira baɗi.

Ma'aji, ga takardar kayan nan, na rubuta kowane da sunansa na Kano da na Damagaram. Wassalamu alaikum.